Waye Ke Raɗa wa Kwamfuta Suna: Ita Kanta ko Sabar DHCP?

Da ka jona kwamfuta a netwok, kafin ta iya magana da kowa sai ta nemi adireshi. Saƙonni huɗu ne ke kai da kawo tsakaninta da sabar DHCP, wato injin da ke raba adireshi a netwok: ta yi shela tana neman mai ba da adireshi, sabar ta yi mata tayi, ta ce ta karɓa, sabar ta tabbatar. Sabar na saurare a tashar UDP ta 67, kwamfutar kuma a ta 68. A 1997 aka fitar da takardar ƙa'ida ta RFC 2131 da ke bayyana wannan tsari, kuma har yau da ita ake aiki. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a cikin waɗannan saƙonnin ba adireshi kaɗai ke tafiya ba. Akwai suna, akwai domen, akwai jerin domen ɗin da za a riƙa lalube a ciki idan gajeren suna kawai aka bayar. A nan ne gizo ke saƙar, domin kowane ɗaya da hanyarsa, kuma kowane ɗaya da yadda yake lalacewa.

Sunan da kwamfuta ke kiran kanta da shi daban, sunan da sabar DHCP ta rubuta a littafin hayarta (jerin adireshin da ta ba injuna na ɗan lokaci) daban, sunan da DNS, tsarin da ke fassara suna zuwa adireshi, ke bayarwa idan wani ya tambaya shi ma daban. Babu abin da ke tilasta wa ukun nan su zo ɗaya sai in kai ka sa su. Kwamfuta na iya ce wa kanta rumbu, sabar ta san ta da ubuntu, DNS kuwa bai taɓa jin ko ɗaya ba. Kusan duk ƙorafin "na sa suna amma ba a ganin injin" daga nan yake fitowa. Saboda haka kafin ka taɓa kowane fayil, ka yanke shawara guda: shin injin ne mai sunan yana sanar da sabar, ko sabar ce mai sunan tana raɗa wa injin? Duka biyun suna aiki. Haɗa su ba tare da tsari ba ne ke haifar da ciwon kai.

Lambobin da ya kamata ka haddace

Duk wani ƙarin bayani a DHCP yana tafiya ne a matsayin zaɓi mai lamba. Huɗu ne suka shafi maganarmu. Zaɓi na 12 shi ne gajeren sunan injin. Zaɓi na 15 shi ne domen, guda ɗaya tak. Zaɓi na 119 shi ne jerin domen na lalube, wanda ya zo daga baya, a 2002. Zaɓi na 81 shi ne cikakken suna tare da tutocin da ke cewa waye zai rubuta shi a DNS, wannan kuma a 2006 aka kammala shi. Ka ƙara da na 6, wato adireshin sabar DNS, domin in babu shi sauran duk aikin banza ne.

Na 12 yana da fuska biyu. Idan ya fito daga injin, ma'anarsa "ga sunana". Idan ya fito daga sabar, ma'anarsa "ga sunanka". Lamba ɗaya ce, amma saiti biyu ne mabambanta a kowane ɓangare.

Akwai kuma zaɓi na 55, wanda shi ne jerin abubuwan da injin ke roƙo. Yawancin sabobi ba sa aiko da abin da ba a roƙa ba. Za ka iya shirya jerin lalube tsaf a sabar, amma in injin bai sa 119 a cikin roƙonsa ba, ba zai gani ba. Windows ta daɗe a haka: sai a Windows 10 fitowar 1803 ta fara karɓar zaɓi na 119. Kafin nan ta hanyar dokokin rukuni (Group Policy) ake tura mata jerin.

Sunan da zai karɓu

Haruffan Latin na a zuwa z, lambobi, da karan ɗori. Shi ke nan. Kada ya fara ko ya ƙare da karan ɗori, kuma kowane gaɓa tsakanin ɗigo biyu kada ya wuce haruffa 63, cikakken sunan kuma kada ya wuce 253. Haruffanmu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ ba su da gurbi a nan, haka ma sarari da layin ƙasa. Wayoyi da kwamfutocin hannu sukan aiko da suna mai sarari ko alamar mallaka, sabar kuma ko dai ta yi watsi da shi ko ta share haruffan da ba ta yarda da su ba, sai ka ga wani suna daban a jerin haya.

Idan akwai Windows a netwok ɗin, ka tsaya a haruffa 15. NetBIOS, tsohon tsarin sunaye na Windows, yana yanke abin da ya wuce haka, don haka injuna biyu masu suna kwamfutar-lissafi-01 da kwamfutar-lissafi-02 za su koma abu ɗaya a idonsa. Ka sa abin da ke bambanta su a farko, ko ka gajarta.

Zaɓen domen ma ba abin yi da ka ba ne. Kada ka ɗauki local, domin an ware shi ga mDNS, wato tsarin neman suna ba tare da sabar ba, wanda manhajojin Avahi da Bonjour ke amfani da shi, kuma injuna da yawa ba za su ma tura tambayarsa ga sabar DNS ɗinka ba. Kada ka ƙirƙiro ƙarshen suna don kawai ya yi maka daɗi. Waɗanda suka yi amfani da dev a cikin gida sun ji a jikinsu lokacin da Google ta mallake shi, har Chrome ya fara tilasta masa HTTPS a 2017. Na gida akwai home.arpa da aka ware a 2018, ICANN kuma ta ware internal a 2024 don amfanin cikin gida. Mafi alheri dai, in kana da domen naka da ka yi wa rajista, ka yanko reshe daga cikinsa, kamar ofis.example.com.

Ɓangaren sabar

A ƙaramin netwok, dnsmasq ya fi komai sauƙi, saboda shi ne DHCP kuma shi ne DNS. Duk sunan da ya shiga littafin haya nan take ya zama abin da za a iya tambaya. Ga saiti da ya isa:

domain=ofis.example.com
local=/ofis.example.com/
expand-hosts
dhcp-range=192.168.10.100,192.168.10.200,12h
dhcp-host=52:54:00:12:34:56,rumbu,192.168.10.20
dhcp-option=option:domain-search,ofis.example.com,example.com

Layi na farko yana cika zaɓi na 15, kuma yana liƙa domen ɗin a bayan sunayen masu haya. Na biyu yana hana a fitar da tambayoyin wannan domen zuwa intanet. In ka manta da shi, duk sunan da aka rubuta ba daidai ba sai ya fita waje neman amsa. Layin dhcp-host shi ne inda sabar ke zama mai suna: injin da ke da wannan adireshin MAC (lambar shaidar katin netwok) zai samu 192.168.10.20 da sunan rumbu a DNS, ko da shi yana kiran kansa wani abu dabam.

Sauran injunan da ba ka ware musu layi ba, dnsmasq zai yarda da sunan da suka kawo. Wannan yana da daɗi har ranar da biyu suka zo da suna ɗaya. Dokarsa ita ce wanda ya zo daga baya ya ƙwace sunan. Ka kafa injuna uku daga hoto ɗaya, wato kwafin faifai guda, kowanne yana ce wa kansa debian, sai sunan ya yi ta yawo tsakaninsu. Mafi muni shi ne injin da ya kira kansa wpad, domin wasu manhajojin lilo suna neman wannan sunan don su samo saitin wakili (proxy), kuma duk wanda ya riƙe shi zai iya jan zirga-zirgar mutane ta wajensa. Layuka biyu ne maganinsa: dhcp-name-match=set:wpad-ignore,wpad sannan dhcp-ignore-names=tag:wpad-ignore. In netwok ɗin na baƙi ne, ka sa dhcp-ignore-names shi kaɗai, kowa ya samu adireshi amma ba wanda zai raɗa wa kansa suna.

A tsohuwar sabar DHCP ta ƙungiyar ISC, kalmomin su ne option domain-name, option domain-search, da option host-name a cikin sanarwar host. Akwai tarko ɗaya da ke kama kusan kowa: sunan da ka rubuta bayan kalmar host lakabi ne kawai na cikin fayil, ba a aika wa injin shi, sai in ka kunna use-host-decl-names on. ISC ta daina kula da wannan sabar a ƙarshen 2022, ta mayar da hankali kan sabuwar sabarta mai suna Kea, don haka sabon gini bai kamata a ɗora shi a kanta ba.

Wasu rawutoci ba su da gurbin zaɓi na 119, sai dai su ba ka akwatin da za ka zuba lambobin heks da hannunka. In ka rubuta domen ɗin a matsayin rubutu tsagwaronsa, injin zai watsar. Tsarin DNS ake bi: kowane gaɓa a fara da tsawonsa, a rufe da sifili. ofis.example.com zai zama 04 6f 66 69 73, sai 07 65 78 61 6d 70 6c 65, sai 03 63 6f 6d, sai 00. Bayit 18 ke nan. Domen na biyu, example.com, ba sai an sake rubuta shi ba: c0 05 ya wadatar, ma'ana "koma wuri na 5 ka karanta daga can". Kuskuren ƙidaya guda yana lalata jerin baki ɗaya, kuma babu saƙon kuskure da za ka gani a ko'ina. Da can wasu kan cusa domen biyu ko uku a zaɓi na 15 da sarari a tsakaninsu. Ya yi aiki a wasu injunan Unix bisa sa'a, amma ba ƙa'ida ba ce, kuma sababbin manhajoji kan ƙi shi.

Ɓangaren injin, inda aka fi shan wahala

A Linux mai systemd, suna iri uku ne: tsayayye wanda ke cikin /etc/hostname, na wucin gadi wanda ake samu daga netwok, da na ado wanda ake nuna wa mutane. Umarnin hostnamectl zai nuna maka su. Dokar ita ce tsayayye yana rinjayar na wucin gadi. Muddin akwai sahihin suna a /etc/hostname, sabar ta aiko da zaɓi na 12 sau dubu, injin ba zai sauya ba. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara. In kana son sabar ta zama mai raɗa suna, ka goge tsayayyen da hostnamectl set-hostname "" sannan ka sabunta haya.

Daga nan sai ka gano wace manhaja ce ke riƙe da katin netwok ɗin, domin gyara fayil ɗin wadda ba ta aiki ɓata lokaci ne. Mutum zai shafe awa yana gyara dhclient.conf alhali NetworkManager na amfani da nata na ciki.

Idan systemd-networkd ce, a sashen DHCPv4 na fayil ɗin network akwai SendHostname don aika suna, UseHostname don karɓar na sabar, da Hostname don aika wani suna dabam da na injin. UseDomains ita ce ke ba mutane mamaki: a asalin saitinta a kashe take, don haka sabar na aiko da domen amma ba ya shiga jerin lalube. Sa ta true in ka amince da netwok ɗin. Akwai ƙima ta uku, route, wadda ke tura tambayoyin wannan domen ga DNS na wannan katin ba tare da liƙa shi a bayan gajerun sunaye ba. Dalilin kashe ta ba ƙeta ba ce. Duk netwok ɗin da ka ba shi damar saka maka jerin lalube, ka ba shi damar yanke hukuncin inda gajeren suna irin rumbu zai kai ka.

Idan NetworkManager ce, kalmomin su ne ipv4.dhcp-hostname, ipv4.dhcp-fqdn da ipv4.dhcp-send-hostname, a saita su da nmcli connection modify. Ɗaya daga cikin biyun farko ake sawa, ba duka ba. Don hana ta taɓa sunan injin kwata-kwata, sa hostname-mode=none a sashen main na NetworkManager.conf. A dhclient kuwa, send host-name = gethostname(); ne ke aika suna, layin request dole ya ƙunshi host-name, domain-name da domain-search, supersede domain-search kuma yana danne abin da sabar ta aiko da naka.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne hostname -f. Wannan umarnin ba daga DHCP yake karanto amsarsa ba. Yana ɗaukar gajeren sunan ne ya nemi fassararsa, galibi /etc/hosts da farko sannan DNS. A Debian da 'ya'yanta akwai layi mai farawa da 127.0.1.1, kuma tsarin jerin yana da muhimmanci: cikakken suna da farko, gajere a bayansa, wato 127.0.1.1 rumbu.ofis.example.com rumbu. In ka juya su, hostname -f zai ba ka gajeren. In sunan ya sauya amma layin bai sauya ba, sudo zai fara gunagunin ya kasa fassara sunan injin, wani lokaci har da jinkiri kafin ya amsa.

A ra'ayina, kwamfutar da ake yawo da ita bai kamata ta taɓa karɓar suna daga netwok ba. Sauya suna a tsakiyar aiki yana iya hana sababbin tagogi buɗewa a X11, tsarin nuna tagogi a Linux, saboda izinin da ke cikin fayil ɗin Xauthority a ɗaure yake da sunan. Sannan duk abin da sabar da ba ka sani ba ta aiko, shigarwar baƙo ce: a 2011 an gano cewa dhclient na iya gudanar da umarnin da aka ɓoye a cikin sunan da sabar ta turo. An toshe wannan tuni, amma darasin saitin yana nan. Karɓar suna daga sabar ya dace ne da injunan da ake kafawa da yawa daga hoto ɗaya, kamar ɗakin gwaji ko rukunin sabobi. Haka nan duk injin da ke da takardar shaidar TLS ko ke cikin Kerberos, sunansa ya zama tsayayye.

Waye zai rubuta a DNS

Idan DHCP da DNS manhajoji biyu ne daban, kamar Kea da BIND, dole wani ya kai labari. Rikodi biyu ake buƙata: A mai kai suna zuwa adireshi, da PTR mai dawo da adireshi zuwa suna. A nan zaɓi na 81 ke shigowa da tutocinsa. Injin ya ɗaga S yana cewa sabar ta rubuta masa A. In bai ɗaga ba, shi zai rubuta A da kansa, sabar ta yi PTR. Tutar N na cewa kada sabar ta rubuta komai. Tutar O kuwa sabar ce ke ɗaga ta a amsa, don ta ce ta danne zaɓin injin. Windows a asalinta tana rubuta A da kanta, ta bar wa sabar PTR, abin da ke tafiya lafiya a cikin Active Directory, tsarin Microsoft na gudanar da injunan ma'aikata. A wajen sa kuwa, sabar DNS za ta ƙi rubutun saboda injin ba shi da makulli, sai a wayi gari akwai PTR babu A.

Mafita mafi tsafta ita ce sabar DHCP ta riƙe duka biyun, da makullin sirri na TSIG guda tsakaninta da DNS. A ISC, ddns-update-style standard tare da deny client-updates. A Kea, ddns-override-client-update da ddns-qualifying-suffix, kuma ka tuna akwai manhaja ta daban, kea-dhcp-ddns, wadda in ba ta tashi ba babu abin da zai isa DNS. Kada ka manta da yankin baya inda PTR ke zama, wato 10.168.192.in-addr.arpa a misalinmu. TSIG kuma yana duba agogo, tazarar da aka saba yarda da ita minti biyar ce, don haka sabar da agogonta ya kauce za ta ga ana ƙin rubutunta.

Tare da A, sabar na ajiye wani rikodi mai suna DHCID, wanda shi ne shaidar wane inji ne mai sunan. Shi ke hana na biyu ƙwacewa. Shi ne kuma ke sa injin da aka sauya wa katin netwok, ko aka sake kafa shi, ya kasa dawo da sunansa har sai tsohuwar hayar ta ƙare ko ka goge rikodin da hannu.

Lokaci da shaida

Gyara a sabar ba ya isa ga injin nan take. Injin na neman sabuntawa ne idan rabin hayar ya wuce. A hayar awa 12, bayan awa 6 ke nan. In sabar ba ta amsa ba, sai ya ci gaba da neman ta har kashi bakwai cikin takwas na hayar ya wuce, awa 10 da rabi, sannan ya yi shela ga kowace sabar. Kada ka jira: networkctl renew, ko nmcli connection up, ko ipconfig /renew a Windows. Idan za ka sauya domen na netwok baki ɗaya, ka rage tsawon haya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Ware suna ta adireshin MAC shi ma ya fara rauni. Daga Android 10 da iOS 14, wayoyi na ƙirƙiro MAC na bogi ga kowane netwok, don haka lambar da ke jikin kwalin ba ita sabar ke gani ba. A injunan da aka kwafa kuma, systemd-networkd na gina shaidar da take aikawa a zaɓi na 61 daga /etc/machine-id. In ba a share wannan fayil kafin kwafa ba, injuna biyu masu MAC daban na iya zama mutum ɗaya a idon sabar, su samu adireshi ɗaya da suna ɗaya. Ka wofintar da fayil ɗin a hoton asali, ko ka sa ClientIdentifier=mac.

IPv6 da nasa lambobin: a DHCPv6 jerin lalube zaɓi na 24 ne, cikakken suna na 39, kuma babu takwaran zaɓi na 12. Rawuta na iya tura jerin lalube a cikin sanarwarta ba tare da DHCPv6 ba sam. In ka ga wani domen da ba ka saka ba a jerin lalube, ka leƙa can.

Idan abu ya ƙi, kada ka fara da zato. Buɗe tcpdump -i eth0 -n -vv port 67 or port 68, ka sabunta haya, ka karanta. A saƙon roƙo ka duba ko injin ya aiko da 12 ko 81, da abin da ke cikin jerin 55. A saƙon tabbatarwa ka duba ko 15 da 119 sun dawo. In ba su dawo ba, laifin sabar ne ko na jerin roƙo. In sun dawo amma resolvectl status ko /etc/resolv.conf bai nuna su ba, laifin saitin injin ne. In sun nuna amma sunan bai fassaru ba, ka tambayi sabar DNS kai tsaye da dig @192.168.10.1 rumbu.ofis.example.com, da cikakken sunan, domin dig ba ya bin jerin lalube sai an ƙara masa +search. Don gwada gajeren suna yadda sauran manhajoji ke ganinsa, getent hosts rumbu ne abin amfani.